Kifin Ado A Ruwa Mai Kalar Shayi: Yadda Ake Haɗa Akwatin Baƙin Ruwa A Gida

Duk macen da ta san tsabta, in ta ga akwatin gilashin kifi ruwansa ya yi ja-ja kamar shayin da ba a sa wa madara ba, abin da zai fara zuwa ranta shi ne a zubar a wanke. A wajen masu kiwon kifin ado kuwa, akwai waɗanda da gangan suke kashe kuɗi da lokaci don ruwan ya ɗauki wannan kala. Baƙin ruwa suke kiransa, duk da cewa ba baƙi wuluk ba ne. Kalarsa tsakanin zuma da shayi take, kuma garau yake, ana hango komai har ƙasa. Akwai ƙananan kifaye masu ɗan karen kyau da a irin wannan ruwa aka halicce su. In aka zuba su a farin ruwa tas ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, sai su kasa sakewa, kalarsu ta dushe, su yi ta laɓe-laɓe, wasu ma su mutu yaro yana kallo.

Asalin abin yana can Kudancin Amurka. A ƙasar Barazil akwai kogin Rio Negro, wato Baƙin Kogi, wanda ya fi duk wani kogin baƙin ruwa girma a duniya. Kusa da birnin Manaus yake haɗuwa da kogin Solimões mai ruwan laka, su jera kusan kilomita 6 kafaɗa da kafaɗa, baƙi gefe, ruwan ƙasa gefe, ba su gauraya ba. Ki nemi hoton a wayarki ki nuna wa yara, abin kallo ne. Abin da ke rina Rio Negro ganye ne. Duk shekara kogin yana cika ya shiga daji, ya kwanta wata da watanni a kan busassun ganyaye da rassa, ya tsotse rininsu. Ƙasar yankin kuma yashi ce, ba ta da gishirin ma'adinai da yawa, don haka ruwan ya zama mara nauyi, mai tsami-tsami.

Irin wannan ruwa akwai shi a dazuzzukan fadama na Borneo da Sumatra da Malesiya. Akwai shi a Afirka ma: tafkin Mai-Ndombe na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ma'anar sunansa ke nan, baƙin ruwa, kuma wasu rafukan dazukan Neja Delta haka kalarsu take.

Rinin nan sunansa tanin, kuma ba baƙonmu ba ne. Shi ne ke ba shayi kala da ɗan bauri, shi ne baurin da ake ji a goro, shi ne kuma abin da majema ke nema a bagaruwa lokacin jimar fata. In ganye ya daɗe a ruwa yana ruɓewa a hankali, yana sakin tanin da wasu sinadarai 'yan uwansa, su rina ruwan, su ɗan tsamama shi, su rage kaifin haske. Kifin da ya tashi a inuwar daji nan take yake gane gida.

Ruwan gidanku ne zai yanke hukunci

Kafin ki sayi gilashi ko kifi, ruwan da kike da shi za ki fara bincika. A nan ne yawancin masu farawa ke yin asara.

Akwai ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, kamar ruwan tsamiya. Sama da 7 ɓangaren kanwa ne. Ruwan Rio Negro yakan tsaya tsakanin 4 da 5, amma kada ki ce sai kin kai can. A gida, tsakanin 6 da 6.8 ya wadatar, kuma ya fi sauƙin riƙewa. Kowace lamba ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ce, wato ruwa mai pH 5 ya ninka mai 6 tsami sau goma. Shi ya sa kifi ba ya jure a yi masa tsalle daga wannan lamba zuwa waccan a yini ɗaya. Ruwan da ya tsaya cak a 6.8 ya fi masa alheri a kan wanda yau 5.5, gobe 7.

Ma'auni na biyu shi ne KH, kuma duk wadda ta taɓa girki za ta gane shi. Kin san yadda ɗan ƙanƙanin kanwa ke kashe tsamin miyar yakuwa? To akwai ruwan da ke ɗauke da irin wannan abu a narke, yana kashe duk tsamin da aka kawo masa. Ruwan rijiya da na rijiyar burtsatse a wurare da dama haka suke, musamman inda ƙasa ke da farar ƙasa. Alamarsa ita ce sabulu ba ya kumfa sosai, kuma butar dafa ruwa tana yin farin ɓawo a ciki. In irin wannan ruwan ne da ke, ko kin zuba ganye cike da kwando, kala kawai za ki samu, pH ba zai gusa ba. Abin da ake so shi ne KH tsakanin 1 da 3. Kada kuma ya zama babu shi kwata-kwata, domin a lokacin ba abin da zai tare tsami, sai pH ya faɗi rana ɗaya ya kwashe kifin.

Masu sayar da kayan kifin ado suna da kayan gwajin, wasu na takarda da ake tsomawa, wasu na ɗigo. Na ɗigo sun fi faɗin gaskiya. A ganina wannan shi ne kuɗin da bai kamata a yi wa ƙyashi ba.

In ruwanki mai nauyi ne, sai ki sirka shi da mara nauyi. Hanya ta farko ruwan da aka tace da injin RO, wanda wasu kamfanonin ruwan sha ke amfani da shi. Ba duk ruwan leda ba ne ya bi ta wannan inji, don haka ki gwada kafin ki dogara da shi. Hanya ta biyu ruwan sama. Ki bar ruwan farkon damina ya wanke rufi tukuna, kuma ko a tsakiyar damina ki bar na mintunan farko ya wuce, sannan ki tara a roba mai murfi. Ruwan famfo kuwa yakan zo da sinadarin kulorin, wanda ke ƙona hargen kifi. Akwai maganin kashe shi da ake ɗigawa, ba shi da tsada, kada ki tsallake shi.

Inda za a ajiye, tunda akwai yara

Akwati mai cin lita 60 zuwa 80 ya fi dacewa da mai farawa. Mutane sukan ɗauka ƙarami ya fi sauƙi, alhali ƙaramin ruwa shi ya fi saurin lalacewa da saurin ɗaukar zafi. Ki tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In aka haɗa da gilashi da yashi da icce, akwatin lita 60 zai kusa kilo 80, ya fi buhun siminti ɗaya da rabi. Teburin tsakiyar falo ba zai ɗauka ba. A samu kafinta ko maƙeri ya yi mazauni mai ƙarfi wanda ba ya girgiɗi, a jingina shi da bango nesa da taga, a inda yaro mai koyon tsayuwa ba zai kama ya rataya ba. Murfi dole ne, saboda ƙura, saboda kifin da ke tsalle, da kuma ɗan hannun da ke son jefa biskit.

Soket ɗin wuta ya kasance sama da inda ruwa zai iya fantsama, kuma a bar kowace waya ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa soket, don in ruwa ya biyo ta ya ɗige a ƙasa. Bokitin canjin ruwa kada a bar shi cike a juya baya. Ruwan bokiti ya isa ya halaka yaro mai rarrafe. Yaran da ba su kai shekara 5 ba su yi kallo kawai, wanke akwati ba aikinsu ba ne. Manya ma a wanke hannu bayan an gama, mai ciwo ko yanka a hannu ya sa safar roba.

Yashi, icce da ganye

Yashin rafi mai laushi ya isa, a wanke shi har ruwan ya fita fes, ba tare da sabulu ba. Sabulu da omo ba sa kusantar komai na akwatin kifi, har soson goge gilashi nasa daban. Kada ki sa wuri, ɓawon katantanwa, farin dutsen marmara ko murjani don ado, domin suna narkewa a hankali su mayar da ruwan ɓangaren kanwa. In kina shakkar wani dutse, ɗiga masa ruwan khal. In ya yi kumfa, ajiye shi waje.

Icce busasshe ƙayau ake so, mai tauri, wanda ba shi da ƙaro, ba a taɓa yi masa fenti ko feshin maganin gara ba. A ɓare ɓawon, a tafasa in zai shiga tukunya, a jiƙa shi kwanaki har ya nutse da kansa. Makonnin farko zai iya yin wani farin yauƙi kamar auduga. Ba cuta ba ce, yana gushewa.

Ganyen da duk duniya aka fi amfani da shi kuwa, mu nan a ƙasa muke taka shi. Na bishiyar almond ne, wadda sunanta na kimiyya Terminalia catappa, wadda ake shukawa saboda inuwa a harabar makarantu da asibitoci da gidaje, yara suna cin fatar 'ya'yanta su fasa ƙwallon da dutse. Ganyenta manya ne, faɗin tafin hannu ko fiye, suna yin ja kafin su faɗo. A Turai da Amurka a leda ake sayar da su da ƙidaya. Kada ki haɗa ta da 'yar uwarta mai ƙananan ganye da rassa hawa-hawa kamar lema. Wanda ya bushe ya faɗo da kansa za ki tsinta, ba ɗanye ba, daga wurin da ba a feshi kuma ba bakin titi ba. Busasshen ganyen gwaba ma yana yi. Ganyen darbejiya kuwa a'a, abin da ke korar ƙwari a cikinsa yana cutar da kifi. Haka ganyen bishiyar turare mai mai. Bagaruwa ma ki bar wa majema, ƙarfinta ya wuce na ƙaramin akwati.

Ki ɗauraye ganyen, ki zuba masa tafasasshen ruwa na 'yan mintuna, sannan ki saka. Fara da babban ganye ɗaya a kowace lita 40, bayan mako ki duba kala da pH ki ƙara. Dalilin bi a hankali shi ne ganye yana cin iskar da ke cikin ruwa lokacin ruɓewa. In aka zuba da yawa lokaci guda, da safe za a tarar da kifaye sun taru a sama suna haki.

Shuka mai son haske ba ta jin daɗin baƙin ruwa. Wadda ta fi dacewa ita ce Anubias, kuma 'yar Afirka ta Yamma ce, a bakin rafukan dazukan Najeriya da Kamaru take fitowa. Ba a binne jijiyarta mai kauri, ɗaure ta ake yi da zare a jikin icce. A saman ruwa kuma, kainuwa da muka sani tana yin inuwa, saiwoyinta suna shanye datti. Sai dai wadda aka ɗebo daga kududdufi tana iya zuwa da ƙananan katantanwa, kuma wasunsu ne ke ɗauke da tsargiya. In ba ki samu ta wajen masu kifin ado ba, ki wanke ta da safar hannu, ki ware ta makonni a wata roba kina tsince duk katantanwar da ta bayyana.

Makonnin da akwati zai zauna babu kifi

Wannan ne wuri mafi wuya, domin yara za su dame ki da tambaya. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce. Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama a cikin soson matata, su mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret, mai sauƙin illa, wanda canjin ruwa da shuka ke ragewa. Sabon akwati ba shi da waɗannan ma'aikata. Kafin su taru yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, a ruwa mai tsami ma yakan fi haka, domin in pH ya sauka ƙasa da 6 aikinsu yana ja baya sosai.

Ki kunna matata, ki riƙa jefa ɗan mitsitsin abincin kifi duk bayan kwana biyu, kina gwaji. Ranar da amoniya da naitirait suka hau suka dawo sifili, akwati ya nuna. In kin san wata mai tsohon akwati lafiyayye, roƙi ta matse miki sosonta a cikin naki, zai rage kwanakin. A wannan lokaci yaro zai iya riƙe littafi yana rubuta lambobin gwaji da kwanan wata. Ɗan aji huɗu zai iya, kuma in kifin ya zo zai ɗauke shi nasa.

Matatar soso mai aiki da famfon iska ta fi dacewa: tana da araha, ba ta cin wuta, ba ta kuma tayar da igiyar ruwa da waɗannan kifaye ba sa so. In matatarki ta zo da baƙin gawayin tacewa a ciki, cire shi, aikinsa ke nan shanye kalar da kike wahalar samarwa.

Waɗanne kifaye

Sarauniyar baƙin ruwa ita ce kadinal tetra, 'yar ƙaramar kifi da ba ta wuce santimita 5 ba, mai shuɗin layi mai ƙyalli a sama da ja zur a ƙasa. A 1956 masana suka ba ta suna. A ruwa mai duhu, garkensu kamar an kunna ƙananan fitilu yake. Da yawansu daga yankin Barcelos suke fitowa, wani gari a bakin Rio Negro inda iyalai ke cin abinci da kamun kifin ado da ƙananan koma da kwalekwale, har garin yana bikin kifin ado duk shekara. Akwai shiri mai suna Project Piaba da ke goyon bayan wannan sana'a, bisa hujjar cewa mutumin da abincinsa ke cikin rafin daji ba zai so a sare dajin ba.

Kifin garke ne, kada ki sayi biyu ko uku. Takwas zuwa goma za su zauna lafiya a lita 60. Neyon tetra da halikwin rasbora ma haka suke, kuma sun fi juriya a hannun mai koyo. Betta, mai dogon jela kamar mayafi, yana son ganyen almond ƙwarai, amma namiji ɗaya tak ake sawa, biyu faɗa za su yi har ɗaya ya mutu. In kina son na gida, akwai kiribensis mai jan ciki, ɗan asalin kudancin Najeriya da Kamaru. Sai dai in ya yi ƙwai yakan kori kowa daga kusurwarsa, don haka yana son wuri mai faɗi da ɗan kogo, ko da rabin ƙoƙon kwakwa ne.

Mai shago zai iya cusa miki gwalfish ko gofi ko moli saboda su ne a gabansa. Ki ƙi. Ruwa mai nauyi suke so, haka kifayen tafkin Malawi masu launi. Tarwaɗa da ƙarfasa kuwa, wurinsu tukunya ko babban tafki. Wadda ta san inda ake samun tetra masu lafiya a garinsu ta taimaka ta faɗa wa 'yan uwa a ƙasa.

Ranar kawo su, ki ɗora ledar a kan ruwan akwati minti 20 zafinsu ya daidaita, sannan ki riƙa ƙara ruwan akwati cikin ledar kaɗan-kaɗan na kusan awa ɗaya, tunda mai yiwuwa a farin ruwa mai nauyi suka zauna a shago. Ki kwashe su da 'yar raga, ruwan ledar a zubar waje.

Wuta, bazara da hunturu

Zafin da suke so digiri 24 zuwa 28 ne. Da bazara, lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura 40, ruwan ɗaki yana iya wuce 32, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai. Ki ɗaga murfi ki shimfiɗa raga, ki saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, ki rage abinci. Robar ruwan sanyi a rufe za ta iya yawo a kai na ɗan lokaci, amma kada a jefa ƙanƙara kai tsaye. Da hunturu kuma sanyin asuba ne ke kayar da su, sai su fito da fararen ɗigo a jiki kamar an barbaɗa gishiri. Ƙaramar hita mai daidaita kanta za ta magance. In babu wuta da dare, a lulluɓe akwatin da bargo.

Ɗauke wuta shi ne babban abokin gaba. In iska ta daina bi ta cikin soso na awanni masu yawa, ƙwayoyin nan da kika yi makonni kina jira suna fara mutuwa. Akwai ƙaramin famfon iska mai batir a ciki, akwai kuma wanda ake jonawa da batirin cajin waya. Ki mallaki ɗaya tun kafin kifi ya shigo gida.

Sai maganin sauro. Na fesawa da na kunnawa duk suna da sinadarin da ɗan kaɗan ɗinsa ke kashe kifi. In za a fesa, a kashe famfon iska, a rufe akwatin ruf da leda ko jiƙaƙƙen zane, sai ɗakin ya sha iska a buɗe. Kaskon turaren wuta ma a yi nesa da shi, domin famfon yana zuƙar hayaƙin ya tura cikin ruwa. Batun ko akwatin zai tara sauro kuwa, ki kwantar da hankali: tsutsar sauro abincin marmari ce a wajen tetra da betta.

Aikin mako-mako ba shi da yawa. Ki cire kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan, ki mayar da sabo wanda kika riga kika shirya. Dabarar ita ce ajiye jarka mai murfi da ruwa mara nauyi da ganye ɗaya ko biyu a ciki, ta yadda kala da tsami da zafi za su yi kusa da na akwati. Kada ranar kwalema ta sa a kwashe rabin ruwa a cika da na rijiya. A ruwa mai tsami amoniya a kwance take ba ta da kaifi sosai, amma da zarar pH ya tashi sama kwatsam sai ta koma mai guba, ga kuma firgicin canjin kansa. Ruwan da zafi ya ƙafar, da mara nauyi zalla ake cike gurbinsa, domin ruwa ne ya tashi, gishirin ma'adinan yana nan.

Soson matata sau ɗaya a wata ake matse shi, a cikin ruwan da aka ciro daga akwati, ba a bakin famfo ba. Ganyen da ya ruɓe ba sai an kwashe duka ba, ƙananan halittun da ke tsirowa a kansa abinci ne. Ki ƙara sabo duk bayan mako uku ko huɗu in kala ta fara dushewa. Ruwa mai kalar shayi amma garau lafiya ne. Ruwan da ya yi hazo kamar an ɗiga madara, ko ya fara wari, shi ne alamar an cika abinci ko ganye, sai a canza kashi 20 a tsallake ciyarwa kwana ɗaya.

Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana. A gida mai yara huɗu kowa zai so ya ba su, sai kifi ya ci sau huɗu ruwa ya lalace. Ki ɓoye gwangwanin a sama, ki auna na yini a murfin kwalba, ki rubuta sunan mai ciyarwa na kowace rana a jikin firij.